Abin da Ya Hau Hoton Humaira

Illela, Litinin

Abdulhamid,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaida babanka da iyalinka.

"Gwaggo, filogin uku kaɗai zan sa wa shafinku, kuma ba abin da zai hau shi ban sani ba." Kai ka faɗi haka a tsakar gidana, gaban matan ƙungiyarmu, kana cin ƙuli-ƙulinsu. Har ka yi muna bayani cewa filogin ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa shafin intanet don ya ƙara wani aiki. A kan maganarka na bi gida gida na roƙi mazan mutane su yarda a sa hotunan matansu da buhunan wake da man gyaɗa.

Ranar Asabar wani mai sayen wake daga Malbaza ya buɗe shafin a wayarshi, a bakin shagon Mato. Ka san Mato, mijin Humaira mai yi muna awo. Bisa hoton Humaira sai ga tallar caca ta fito, da wata mace wadda tufafin jikinta ba su kai ɗankwalina ba. Maza na zaune. Wayar ta zaga hannu hannu.

Mato ya hana Humaira fitowa aiki. Jamila 'yar ƙungiyarmu ma mijinta ya fara tambaya. Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da yara a makarantar lakwal, jiya ta ƙofar baya na bi na tafi gaisuwar mutuwa.

Na kira ka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba Dogo direba takardar nan. Wata ɗalibata ta duba, ta ce filogin ashirin da shida ne a ciki. Lissafin da na koya maka ke nan?

Gwaggonka, Raihanatu

Birnin Konni, Laraba

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kina lafiya. Wallahi kunya ta hana ni ɗaukar waya.

Na sauke shafin, ba mai ganin komai yanzu. Amma ki yi haƙuri in faɗi yadda anka yi. Uku na sa. Sannan kinka aiko a ƙara agogon sallah, da mai juya naira zuwa sefa, da furannin da ke zubowa daga sama, da kiɗa in an buɗe. Duk wanda kinka gani a shafin wasu sai ki ce mu ma. Wanda ya jawo tallar shi ne mai ƙidaya baƙi, da kinka ce matan garin Tsarnawa ba za su fi mu ba.

Ga nawa laifin. Na kirkin sai an biya, na ji nauyin gaya miki, sai na ɗauko na sata a wani wuri da ban san mai shi ba. Sauran ma ban sabunta su ba tun damina.

Kowane filogin ƙofa ce, Gwaggo, kuma wani ne can ke riƙe da makullinta. Wanda ya dace a bari shi ne wanda aikin ba ya yiwuwa sai da shi, masu shi sanannu ne, kuma har yanzu suna gyara shi. Ki zaɓa, ni ba ni da bakin zaɓa.

Ki yafe mini. Ɗanki, Abdulhamid

Illela, Alhamis

Abdulhamid,

Sallama. Na karanta, na kife takardar, na sake karantawa. Furanni! Mace mai jikoki. Ban musa ko ɗaya ba, kuma ba ka rage mini zafi ba, ƙara shi ka yi, don yanzu ban san inda zan sa fuskata ba ko a ɗakina. Amma kai ne masani. Da ka ce mini a'a, da na zage ka, da ka sha zagin kamar yadda ka saba, da Humaira na nan tana awonta.

Ga zaɓina. Ka bar mai nuna kaya, da mai karɓar saƙon masu saye, da mai gadin shafin, da mai ajiye kwafi. Mai gadin ka sayi na halal, ni zan biya. Agogon sallah ka cire, ladaninmu na nan da ranshi. Masu canji sun cika Konni. Mai ƙidaya baƙi kuwa, na ga baƙin da ya kawo.

Hoton kowace mace ya sauka, sai wadda ta ce da bakinta a mayar.

Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci ina son ka a zauren Mato da na'urarka, ka nuna mishi da idonshi cewa matarshi ba ta da hannu. In ba ka zo ba, ni kaɗai zan tafi in durƙusa. Daga can sai Konni, in zauna gaban babanka in gaya mishi dalilin da ya sa yayarshi ta durƙusa wa Mato, yaron da ta koya wa riƙon alli.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Raihanatu