Notin Keken Inna

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da mutanen shago. Kawu, don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu.

Ka san keken ɗinkin hannu da matata Hureira ta gada daga Innarta, Allah ya jiƙanta, wanda ta bar rabin kayanta a Kano don ta taho da shi. To, tunda suka tafi gida ita da 'yarmu Walida, na ce bari in gyara teburin da yake girgiɗi kafin su dawo. Na sauke keken, na gyara tebur, na buɗe murfi, sai ga mariƙin juyawa a kwance, notin da yake ɗaure shi babu. Tabbas wajen saukewa ya faɗi. Na share falo sau uku, har shara na tone, ban gan shi ba.

Kai ne ka shekara talatin kana gyaran kekuna. Wane irin noti zan nema? Saura kwana goma sha biyu su dawo, kuma wallahi hankalina a tashe yake.

Ɗanka,
Najib

Fagge, Kano
5 ga Maris

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggonka tana gaishe ka.

Ikon Allah! Mutumin da ake cewa ya kusa zama dakta a harkar ƙarafa, yau noti guda ya kai shi ƙasa. Wa ya aike ka? Tun kana yaro hannunka ba ya zama, rediyona ma shaida ce.

Saurara. Tsofaffin kekunan nan tiredinsu, wato zanen murɗin notinsu, na inci ne, kuma ko a incin ma nasu daban yake. Na zamani zai shiga zagaye biyu ya tsaya. In ya tsaya, ka tsaya. Kada ka ɗora masa sifana ka nuna masa ƙarfi, don in tiredin ramin ya cinye, an gama. Ka nemi tsofaffin teloli, su ne ba sa zubar da komai.

Kawunka,
Ɗayyabu

Pantai Dalam
10 ga Maris

Kawu,

Barka da war haka. Na bi shawararka, ƙafata ta shaida.

Kedai, wato shago, bakwai na shiga. Kowa ya duba hoton keken da na ɗauka sai ya girgiza kai, “Tak ada lah,” wato babu. Na hau jirgin ƙasa na sauka a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na bi teloli shago-shago. Wata tsohuwa ta juye mini gwangwanin biskit cike da notuna, ta haɗa ni da shayi. Na dawo da goma sha huɗu. Duk kamar yadda ka faɗa, zagaye biyu su tsaya.

Amma an samu mafita. Akwai wani dattijo mai injin yankan ƙarfe a Setapak, ya ce, “Boleh, boleh,” wato zai yiwu, zai faɗaɗa ramin ya yanka sabon tiredi, a sa notin zamani. Ranar Asabar zan kai masa. In an shafa baƙin fenti, Hureira ba za ta taɓa ganewa ba.

Raina bai kwanta ba, Kawu. Keken nan shi kaɗai ne abin da ya rage mata na Inna. Amma ina zan sa fuskata in ce na ɓatar?

Ɗanka,
Najib

Gwammaja, Kano
11 ga Maris

Abban Walida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Walida tana ta tambayarka.

Kada ka ga laifin Kawu. Da sassafe ya zo a babur, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙa mini wayarsa. Na karanta saƙonninka, na yi dariya har na dawo ina kuka.

Kada ka kai keken nan ko'ina. Notin yana cikin jakata. In Inna za ta yi tafiya, takan kwance shi ta ƙulle a bakin zaninta don kada yara su yi wasa da keken. Ni ma ban taɓa fita gari ban cire shi ba, kuma in na taɓa shi a hanya sai in ji kamar tana kusa.

Za ka ce ai Walida tana tare da ni, wane yaro kuma ya rage a gidan? Wannan lissafin na bar wa Injiniya.

Na gode da tebur. Ka ajiye sifana, ranar Lahadi muna tafe.

Taka,
Hureira