Fada a Dokin Ƙofa

Zuwa ga Yayata Machteld, a Gent,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jiki, ya yara, ya mijinki da saƙarsa? Ni ce Aleid, ina nan da raina! Tun da Mongol suka kwashe ni a Hangari kin ɗauka na mutu ko? To, har na yi aure cikinsu. Mijina Temuder ba laifi, ga ɗana Nachin ya fara rarrafe.

Yaya, albishir! Wani limamin coci, Fada Wouter, ya zo da saƙon sarkin Faransa wurin babban sarkin nan, kuma ɗan garinmu ne! Ba takalmi, yatsunsa duk sun daskare. Surukata Ebegei ta ce, "Wannan ne manzon? Sarkinku ko jaki ba ya da shi?" Na ce ta jira ta gani. Gobe zan kawo shi ya yi wa Nachin baftisma. Shi zai kawo miki wannan. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban daɗe a makarantar sistocin coci ba.

Taki,
Aleid

Yaya Machteld,

Ina sake gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Ni dai ban san da wane ido zan dubi mutum ba.

A nan ba a taka dokin ƙofar tanti, tsallakewa ake. Wanda ya taka ya taka wuyan mai gida ke nan. Jariri ma ya sani. Amma kin san bakina. Da na je ɗauko Fada, duk hanya ina ta zuba masa tambayoyi, wa ya mutu, wa ya haihu, har yanzu ana soya kifi a bakin gada? Ban faɗa masa zancen dokin ƙofa ba.

Muna isa ya hau dokin ƙofa da ƙafa biyu, ya ɗaga hannu yana sa wa gidan albarka, yadda ake yi a gida. Ebegei ta ƙwalla ihu. Ƙannen mijina suka yi ƙasa da shi. Ta fizge Nachin daga hannuna ta ce, "Ke 'yar dogon hanci, naku ne ko? Ke kika kawo shi ya karya mana gida? In naku ne ki bi shi, yaro dai namu ne."

Yaya, na ce ban san shi ba. Na ce ba garinmu ɗaya ba, a hanya ya liƙe min. Tafintansa na tsaye, ya fassara masa tas. Fada ya dube ni kawai.

Sun yi masa bulala, suka bi da shi tsakanin wuta biyu don a wanke abin. Aka miƙo min ɗana. Na karɓa, kuma ko yau sai na karɓa, shi ya sa kunyar ta ƙi sakina.

Yau da safe ya same ni wajen tatsar goɗiya, yana ɗingishi. Ya zuba wa Nachin ruwan baftisma a bayan amalanke, ya ce, "'Yata, ina takardar yayarki? Ai ko ban san ki ba na san gidanku."

In ya iso, ki ba shi miya mai zafi, ki saya masa takalmi ko zai ƙi. In ya tsaya a dokin ƙofarki, ki bar shi ya tsaya iya son ransa.

Ƙanwarki,
Aleid