A Fito Mana da Littafin Japan Daga Cikin Gilashi

Zuwa ga mai girma Shugaban Sabon Ɗakin Karatu, Sakkwato.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina taya ku murnar sabon gini. Kuɗin man fetur sun yi rana a nan, har fanka da ruwan sanyi. Sunana Hauwa'u, malamar firamare ce ni, a Ƙofar Marke nike zaune. Kuka na kawo, kuma na kawo shi a jarida ne don na gaji da zirga-zirga zuwa ofishinka.

Na ɗaya. Tun kuna tsohon gini na aro wani littafi mai juzu'i biyu, fassarar Turanci. Wata mata ce ta rubuta shi a fadar sarkin Japan, shekara wajen dubu da sunka wuce. Mazan fadar da harshen Sin suke rubutu, kamar yadda malamanmu ke yi da Larabci. Matan kuwa suna bayan labule, ba mai ganin fuskarsu, sai sunka riƙa rubutu da harshen gida, kamar ajaminmu. Masana sun ce labarinta na cikin ƙagaggun labarai na farko a duniya. Wallahi da na karanta haka sai da tsigar jikina ta tashi.

Na biyu. Matan unguwarmu suna kulle, ba za su zo su zauna ƙarƙashin fankarku ba. Don haka duk Alhamis bayan la'asar mukan taru a gidan gwaggona, Goggo Tumba, masu kaɗi na kaɗi, masu ɗinkin hula na yi, ni kuma ina karantawa ina juya musu da Hausa. Inda ya yi wa kunne nauyi nakan tsallake, don yariman da aka gina labarin a kansa ba shi da kamun kai. Goggo tsohuwar jaji ce, ta yi ƙuruciyarta tana bin ƙauyuka da malfa a ka tana koya wa mata addini da waƙa. Da farko cewa ta yi tatsuniya da rana aikin banza ne. Yanzu ita ke aikowa a kira ni in na makara. Har ɗaya daga cikin matan, Asabe, ta fara rubuta labarin kakarta da ajami, wai ita ma ai bayan labule take.

Na uku, kuma nan ne zafin yake. Mun gama juzu'in farko, na mai da shi lafiya lau, ko kunnen shafi ban lanƙwasa ba. Da na nemi na biyu sai anka nuna mini shi cikin kabad ɗin gilashi na bakin ƙofa. Ashe da Gwamnan Soja zai zo buɗe gini, an tsinto littattafai masu jan bango da rubutun zinariya an jera don su yi kyau a hoto. Namu ya faɗa ciki saboda bangonsa kawai. Gwamna ya zo, ya yanke ƙyalle, ya tafi tuni. Kabad na nan a kulle. Yau a ce mini mai mabuɗi ya tafi kwas Kaduna, gobe a ce sai da izininka. Haba, ranka shi daɗe! Ina tsaye ina ganin littafin, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba.

Na huɗu. Ɗan Goggo ya biya mata Makka bana. Ta tsufa ƙwarai, kuma ta faɗa mana ba ta sa ran dawowa, can take roƙon Allah Shi karɓe ta. Inda munka tsaya, akwai wata mata a labarin da ta gaji da duniya, tana roƙon mijinta ya bar ta ta koma ga ibada, yana ƙi. Goggo ta ɗauki matar nan kamar ƙawarta. Ta ce in ƙago mata ƙarshen da kaina, na ce ba ni yi mata ƙarya. An riga an yi wa maniyyata allura, tafiya ta matso.

Roƙona kaɗan ne. A buɗe kabad a ba ni juzu'i na biyu cikin makon nan. In ana tsoron giɓi a jeri, ina da jan ƙamus a gida, zan kawo a cike gurbin. Sannan a bar littattafan kabad ɗin duka su riƙa fita aro, don ba mu kaɗai ne ke bayan katanga ba.

An shaida mini kai mutum ne mai son karatu, kuma na yi imani ba ka san da wannan ba. Allah Shi ƙara maka girma, Shi albarkaci zuriyarka, Shi sa ka gama aiki lafiya. Goggo ta raba awakinta, ta nemi gafarar kowa, ƙarshen labarin nan kaɗai ya rage take tambaya. Ta ce in gaya maka za ta sa ka a addu'a ranar Arfa, ko ka ba da littafin ko ba ka bayar ba. Amma ni da na san ta, na san addu'ar da za ta fi tsawo.

Wassalam.

Malama Hauwa'u,
Ƙofar Marke, Sakkwato.