Kalmar da Na Ɓoye wa Baba

Taman Melati, Kuala Lumpur
3 ga Oktoba

Yaya Hadi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Walida da yara. Ya jikin Umma?

Yaya, hankalina a tashe yake. Shekara huɗu Baba na gaya wa ɗalibansa na nahawu cewa 'yarsa na digirin digirgir a Larabci. Ba haka ba ne. Tun shekarar farko malamina ya bar jami'ar, aka mayar da ni hannun wata farfesa 'yar Indiya, na kasa faɗa. Kundina a kan kalma ɗaya ne, Diwali, sunan bikin fitilu na Hindu, yadda take a Prakrit, wani tsohon harshen Indiya.

Ga shi Baba ya yanki tikitin zuwa bikin yaye mu. A nan kuwa sai an karanta sunan kundin mutum a lasifika kafin a miƙa masa takarda. Ko bai ji Turancin duka ba, ai zai ji Hindu. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Rumaisa

24 ga Oktoba

Yaya Hadi,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya aiki?

Baba ya iso lafiya. Ban jira lasifika ba. Jiya bayan la'asar na durƙusa na ajiye kundin a gabansa. Na yi masa bayani: asalin kalmar daga Sanskrit ne, harshen malaman Indiya na dā, dipa fitila, awali jeri. A bakin talakawa "p" ta yi laushi, kalmar ta gajarce, kuma ta mace ce. Ka san Baba da nahawu, har ya manta kansa ya tambaye ni yadda ƙarshenta ke sauyawa idan ta zama mafa'uli, wato karɓau. Na fara jin sanyi a raina. Ya tambaya ko na taɓa kunna musu fitila, na rantse ban taɓa ba.

Sai ya rufe kundin ya ce, "Sanin harshen mutane ba laifi ba ne, Rumaisa. Amma shekara huɗu kina sa ni ƙarya a gaban ɗalibaina."

Tun daga nan bai ƙara ce min uffan ba. Gobe ne bikin. Don Allah ka kira shi, yana jin maganarka. Tun da safe na goge masa babbar rigarsa na rataye a ƙofar ɗakinsa. Har yanzu tana nan inda na bar ta.

Ka gaida Umma, kada ka gaya mata tukuna.

Ƙanwarka,
Rumaisa