Ranar da Likita ya ci karo da kansa a littafi

Aldercliffe, Yorkshire
Watan Nuwamba, 1853

Zuwa ga Yayana Enoch,

Gaisuwa mai yawa da kewa marar iyaka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Keziah da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin nan na Kanada da kake cewa namu wasa ne a gabansa. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma faɗa da maƙwabta a kan igiyar shanya, ka ga kuwa sauƙi ya samu ke nan. Ɗanmu Jabez ya fara tafiya, babu abin da ya tsira a gidan sai wanda muka rataye.

Na san Goggo Dorcas za ta rubuto maka, kuma ka san yadda take ƙara wa zance gishiri, shi ya sa na ga gara ka fara ji daga bakina. Maigidana Ambrose ya rasa aikinsa na masaƙar Mista Sugden. Ka tuna doka ta ce yaron da bai kai shekara tara ba ba ya shiga masaƙa, kuma likita ne ke duba shi ya shaida. To Ambrose ne ke wannan dubawa tun kafin aurenmu, kuma da ita muke riƙe da gida, don marasa lafiyar garin nan yawancinsu da godiya suke biya.

Abin ya samo asali ne daga karatun ranar Asabar. Tun bara, in an tashi aiki da rana, masaƙa maza da mata kan taru a ɗakin bayan coci, Ambrose ya karanta musu littattafan labarin nan da ke fitowa kashi-kashi kowane wata. Da kana nan da ka ji daɗi, kai da kake tare mu a bakin rafi kana rera mana waƙoƙin tuddai da furanni har mu gudu. Sai dai marubutan yanzu sun sauko daga tudu. Zancensu marayun gidan gajiyayyu ne, da masu kuɗin da ke zama layin gaba a coci alhali ma'aikatansu na kwana da yunwa, da alƙalin da ke ɗaure yaro don ya ɗauki burodi. Ko mawaƙan ma sun koma kukan hayaƙin da ya cinye filayen. Bayan karatu sai gardama ta kaure. Tsoho Gideon, mai gyaran injin, kullum cewa yake marubutan London ba su taɓa shaƙar ƙurar ulu ba, amma shi ne ke fara zuwa ya kama kujerar kusa da murhu.

Ambrose ba ya leƙa labarin kafin ranar, wai yin hakan cin amanar masu sauraro ne. Kuma kowane mutum a littafin yana da muryar da ya ware masa, ta mugu daban, ta tsohuwa daban, har mutane su yi ta dariya. Ran nan ana cikin karatu sai labari ya kai inda aka jera yara a ƙofar wata masaƙa. Likitan cikin littafin ya buɗe bakin wata yarinya ya leƙa haƙoranta kamar mai cinikin doki, bai ko dubi fuskarta ba, ya ce ta kai tara, a kawo na gaba. Yaya, nan muryar Ambrose ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit, don rabin matan da ke zaune shi ya buɗe bakin 'ya'yansu haka. Can sai Hepzibah Crowther, bazawarar nan mai baki da ke zaune a layin bayan marina, ta ɗaga murya ta ce, "Likita, ci gaba mana! Ko haƙori ne ya maƙale maka a wuya?" Aka fashe da dariya. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba har ƙarshe, amma na lura bai ƙirƙiro wa wancan likitan wata murya ba. Da tasa ya karanta shi.

Da muka koma gida bai taɓa abinci ba. Ya ce mini shi bai taɓa ɗaukar kansa maƙaryaci ba, ya dai saba duk yarinyar da uwarta ta ce ta kai, sai ya ga ta kai. Ranar Litinin da aka jera masa yara, ya duba su a tsanake, ya mai da waɗansu gida. Cikinsu har da Selina, 'yar Hepzibah, wadda kowa ya san bara ta fara famfara.

Kada ka ɗauka an gode masa. Da yamma Hepzibah ta zo ƙofarmu, ko sallama babu. Ta ce ita wasa ta yi masa ran nan, ba ta ce ya cire wa 'ya'yanta abinci daga baki ba. Ta ce marayan littafi wani attajiri zai fito ya ɗauke shi kafin labari ya ƙare, ita kuwa wa zai fito mata? Ta ce in shi tsarkakewa yake nema, ya nema da cikinsa, ba da na yaranta ba. Ambrose ya tsaya riƙe da hula har ta juya ta tafi. Kwana kaɗan Mista Sugden ya kira shi, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya yaba masa ƙwarai, sannan ya ce ya lura aikin ya fara yi masa nauyi. Aka kawo wani likita daga garin gaba, shi kuma ya ga duk yaran sun kai tara, har Selina.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da shi. Na ce masa ga shi mun rasa abin hannunmu, yaran kuma sun shiga masaƙar, to me aka yi? Ya ce bai sani ba, ya dai san hannunsa ba zai sake iya buɗe bakin yaro da wannan niyya ba. Na yi ta juya maganar Hepzibah a raina. Gaskiya ta faɗa, littattafan nan sun iya nuna ciwo, amma ba sa ɗora tukunya a wuta. Duk da haka akwai abin da ya canja. Gideon ya gaya mana ranar da mai kula da ɗakin saƙa ya ce Selina ta rarrafa ƙarƙashin injin ta kwaso ulu yana gudu, kamar yadda aka saba sa ƙanana, sai mazan wurin suka tsai da hannu suka zuba masa ido. Mai kula da ɗakin ya duba hagu ya duba dama, ya ce ta je ta yi shara a bakin ƙofa. Tun ranar ba a sake tura ƙaramin yaro ƙarƙashi ba sai an kashe injin.

Ambrose ya ƙaurace wa karatun, mataimakin Fasto ya karɓa. Asabar ɗin da ta biyo Gideon ya zo har gida ya ce in bai dawo ba za su mutu, don yaron Faston karanta labarin soyayya yake kamar yana binne gawa. Haka Ambrose ya koma karatun.

Shekaranjiya kuma da hantsi Hepzibah ta sake zuwa, ɗauke da autanta yana zazzaɓi. Ta miƙa wa Ambrose shi fuska a ɗaure, ta ce kada ya ɗauka ta huce, ba ta huce ba. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa wurin sabon likitan, tunda shi masaƙa ke biya ya duba ma'aikata. Ta harare shi ta ce, "Mutumin da ya dubi Selina ya ce ta kai tara? In ba makahon nan ɗana?" Yaron ya samu sauƙi, jiya ma ya sha madara. Mun rage nama, na sallami mai wanki ina yi da kaina, amma kada ka damu, muna lallaɓawa.

Ka gaishe mini da Keziah, ka ce safar da ta saƙa wa Inna ta iso. Ka shafa mini kan Lavinia da Obadiah. Inna da Kawu Septimus da Goggo Dorcas duk suna gaishe ka, haka ma Ambrose. Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Tabitha