Jar Akuya a Hanyar Korahane

Dakoro, 21 ga Disamba

Ɗiyata Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin Yamai? Namu nan sai godiya, ruwan randa har yanka hannu yake da safe.

Kin tambayi jikina. Lokotoro a asibiti ya ce sukarin ya hau, kuma mutuwar da ƙafar hagu take yi ba abin wasa ba ne. Ya ce ban da magani in riƙa tafiya kullum, ko ana sanyi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Kin dai ga Yaya Ramla. Haka nata ya fara, yau ga ta kan tabarma da ƙafa guda, sai an ɗaga ta.

To na fara. Rana na fitowa sai in yafa zane biyu, in kama hanyar Korahane har babbar aduwar nan, in juyo. Amma mutanen garin nan! Duk wanda ya gan ni sai ya tambayi wa ya rasu. Jimrau mai amalanke sau uku yana tsayar da jakinsa wai in hau. Da na ce masa ba inda za ni, tafiya kawai nake, sai ya dube ni kamar na taɓu. Shi ya sa yanzu nake jan jar akuyata, kowa ya ɗauka kiwo zan kai ta.

Yayanki ya iso jiya, an ba su hutu a lakwal, makarantar da yake koyarwa. Ki gaishe da kowa.

Innarki,
Rahinatu

Dakoro, 28 ga Disamba

Hamdiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, raina a ɓace yake.

Wai a ƙofar masallaci aka ce wa yayanki, ga shi malamin lakwal mai moto mai ƙafa biyu, ya bar uwarsa tana bin akuya a daji kamar wadda ba ta haihu ba. Ya shigo yana huci. Ya kai akuyar wajen makiyayi, ya sayo bargo da buhun gawayi, wai in zauna gaban kasko har sanyi ya wuce.

Na biye masa kwana huɗu, don ɗana ne. Shekaranjiya garwashi ya faɗo mini a kan ƙafa. Wallahi ban ji ba, sai da na ji ƙauri. Ban nuna masa ba, ɗaki na shiga na yi kukana.

Shi bakin mutane yake tsoro. To bakin mutane ne zai kai ni makewayi idan aka yanke ƙafar? Kada ki kira ni a waya kina ba ni haƙuri, na san shi zai sa ki. Gobe zan fita.

Innarki,
Rahinatu

Dakoro, 2 ga Janairu

Ɗiyata,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kun shiga sabuwar shekara lafiya.

Na fita, hannu rabbana, kuma ta bakin kasuwa na bi don kowa ya gani. Wanda ya tambaya na ce masa magani nake sha da ƙafa. Ban kai rabi ba sai ga yayanki a kan moto, yana roƙo in hau in rufa masa asiri. Na zauna cikin rairayi, na cire takalmi, na nuna masa ƙunar da na wanke na ɗaure. Na ce ya danna kusa da ita. Ya danna, ban ko motsa ba.

Idonsa ya kawo ruwa, ya kashe moton, ya shiga tura shi a gefena. Kin san rairayin hanyar nan. Kafin mu kai aduwa ya jiƙe da gumi cikin wannan sanyi, kuma shi ya nemi mu huta. Jimrau ya zo wucewa, wannan karon yayanki ya yi wa tayin amalanke. Na yi dariya har da hawaye.

Tun ranar tare muke zuwa, moton yana zaure. Lokotoro ya duba ƙunar, ya ce tana warkewa. Litinin yayanki zai koma aiki, ya tambaya ko ya dawo mini da akuya don kada a yi ta magana. Na ce ya bar ta ta ci ciyawarta, wanda ke son magana ya same ni gindin aduwa, amma da ƙafa zai zo.

Taki har kullum,
Inna Rahinatu