Amin a Tsakiyar Kiɗa

Tashkent, watan Satumba

Zuwa ga ƙanwata Zulhumor,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da mutanen unguwa. Yaya gwiwar? Zabibin da kika ba direban tasi ya iso, gurasar ma ta iso, sai dai ya ci ɗaya a hanya, na yafe masa. Ki daina kirana a waya. Kunnen hagu ya tafi, na dama kuma likita ya ce da wuya ya kai Nauruz, bikin sabuwar shekara na watan Maris. Kina ihu ina ta na'am, gara takarda.

Mutanen ofis za su yi mini bikin cika shekara saba'in da biyar a babban zaure, cikin Nuwamba. Wani mai taye ya zo har gida, ya sha shayi, ya ce za a buɗe da Rawar Auduga. Na ce to. Me zan ce? Ina saurayi na rubuta ta, a yammaci ɗaya, da yunwa a cikina. Bayanta na rubuta manyan kiɗa bakwai na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Huɗu an kaɗa su sau ɗaiɗai a gaban ɗaliban da aka tilasta wa zuwa, uku ba su taɓa fita daga kabad ba. Amma gidan biki, rediyo, har wayar mai kankana a kasuwa, Rawar Auduga. Na gaji, Zulhumor. Shekara hamsin ana jinjina wa wani yaro da na manta kamanninsa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya: a kaɗa kiɗan matata Muattar. Kin san ita take kwafe wa kowane makaɗi takardarsa da hannunta, tun aurenmu har idonta ya raunana, ba ta taɓa cewa in sa sunanta a wani abu ba. Wannan bayan rasuwarta na rubuta shi, babu wanda ya taɓa jin sa, har ni.

A tsakiyarsa akwai shiru mai tsawo. A asibiti numfashinta yakan tsaya, in riƙe hannunta ina jira, ina jira, sai ya dawo. Haka na rubuta. Kowa ya tsaya cak, sannan goge ɗaya ya shigo siriri, sauran su bi shi. Dawowar nan ita ce kiɗan, duk abin da ya gabace ta share fage ne. Ina so in ji ta sau ɗaya da kunnen da ya rage. Otabek, tsohon ɗalibina, shi zai riƙe sanda ya ja makaɗan.

Ki gai da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Sobit

Margilan, watan Oktoba

Sobit-aka, yayana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Direban nan biyu ya ci, ƙarya ya yi maka, zan gamu da shi.

Ka ce ka gaji da Rawar Auduga. Aka, ka ji tsoron Allah! Da ita aka kai ni ɗakin miji, da ita aka kai 'ya'yana. Su kuwa manyan naka, na je na huɗun, ka tuna? Barci na yi har Muattar-opa ta mintsine ni. Ban ce ba su da kyau ba, cewa na yi ban san inda ake sa ƙafa a cikinsu ba.

Amma maganar numfashin nan ta sa ni kuka a kan tukunya. Ni ma ina ɗakin ai.

Abin da ya hana ni barci shi ne kujeru. Ba za a yi bikin yayana a gaban kujeru marasa mutane ba ina raye. Na yi magana da mai bas, zan cika ta da dangi. Ka kuma riƙe kujerarka da kyau: Hoji Mamasoli zai zo. E, yayan Muattar-opa, wanda ya ce kiɗa aikin marasa aiki ne, wanda bai taɓa taka zauren naku ba. Na je na durƙusa na ce masa na ƙanwarsa ne. Ya zuba shayi, sannan ya ce a ajiye masa wuri kusa da taga saboda mota tana juya masa ciki.

Shirun ne ban yarda da shi ba. Ka san mutanenmu, ba sa barin shiru ya zauna, gani suke baƙo ne da ba a ba shi shayi ba. Ka rage shi mana. In ka ƙi, kuma na san ƙi za ka yi, ka bar ni da su. Na riga na fara karantar da su: ba tafi sai mai sanda ya juyo, ba waya, ba ɓare 'ya'yan kabewa, mai tari ya yi tarinsa tun a bas. Ɗaya bayan ɗaya nake bin su gida.

Ka riƙa cin abinci mai zafi. A wanke farar rigar nan, kada ka fito mini da wuya baƙi a gaban jama'a.

Ƙanwarka,
Zulhumor

Tashkent, farkon Nuwamba

Zulhumor,

Salamu alaikum. Na gode da rumman. Hoji zai zo? Sau uku na karanta layin. Ki zaunar da shi a gaba, shi ma kunnensa ba na yara ba ne.

Ana ta gwaji. Ba a kunna na'urar ɗumama zaure ba tukuna, makaɗa da rigunan sanyi suke zama, masu busa suna hura hannu. Rabin lokacin Rawar Auduga ta cinye, don an kawo 'yan rawa, su kuma ba su san dama da hagu ba. Nigora, mai gogen da za ta shigo bayan shirun, makarantu biyu take koyarwa, ga bukukuwan aure, sai ta zo a makare ta fita da wuri. Ban zarge ta ba, tana da yara. Don haka rabin ƙarshe gutsure-gutsure na ji shi, a tsaya a gyara, a tsaya a gyara. Shirun kuwa tsallake shi suke yi don kada a ɓata lokaci. Ban ji dawowar ba har yau.

Jiya Otabek ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce, "Ustoz, tsawon shirun nan nawa ne? Ba ka rubuta ba." Na ce, "Ka riƙe hannunka sama har sai ka ji tsoro." Ya ce, "Tun yanzu ina jin tsoro." Na ce to ka ƙara kaɗan a kai. Yaron kirki ne, duk da furfura ta fara masa. Ya ce kafin a fara zai juyo ya gaya wa jama'a cewa na marigayiya ne, don su natsu. Na ce ya yi.

Na shiga zaure sau ba adadi ina fatan a fahimce ni. Wannan karon ban nemi haka ba. A bar ni in ji kawai, in koma gida.

An wanke rigar. Sai kun zo.

Sobit

Margilan, ƙarshen Nuwamba

Aka,

Sallama da gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Na taho ban yi maka sallama ba don na kasa haɗa ido da kai, wurin cin osh, shinkafar biki, ma a bayan ginshiƙi na zauna. Otabek ya ce ba ka tambayi kowa wanda ya fara ba. Kana can gefe da kunne ɗaya, wataƙila tashin mutane kawai ka gani. To ni ina kusa, bari in faɗa maka.

Wallahi sun yi ƙoƙari. Ba wanda ya yi tafi, ba wayar da ta yi ƙara. Da Otabek ya ambaci sunan Muattar-opa na ga Hoji ya sunkuyar da kai. Kiɗan ya yi ta tafiya yana yin ƙasa, har ni da ban san komai ba na ji ƙamshin ɗakin asibitin nan. Sai aka tsaya. Na riƙe numfashina, ina cewa a raina ku daure, ku daure.

Sai na ga tafukan Hoji suna tashi. Aka, an ambaci mamaciya, an yi shiru, shi ne babba a wurin, kuma ƙanwarsa ce. Me kake so ya ɗauka ana jira? Na kama hannun rigarsa, ya zame. Ya ɗaga murya ya yi mata addu'a, Allah ya haskaka kabarinta, ya sa can ya fi mata nan. Zaure duka ya ɗaga hannu. Masu goge suka ɗora gogensu a cinya. Nigora da ta riga ta ɗaga nata ta sauke. Otabek ya daɗe hannunsa a sama shi kaɗai, daga ƙarshe ya sa sandar a hammata ya shafa tare da kowa. Ni ma na shafa. Ta yaya za a yi wa Muattar-opa addu'a in ƙi cewa amin?

Kuma ka san in an shafa an tashi ke nan. Kujeru suka hau ƙara, mai tayen nan ya haye da capan, alkyabbar girmamawa, ya yafa maka, furanni, jawabi, hoto. Na ga kana nuna makaɗan da hannu kana magana, su kuwa suna ta tafi.

Na hana su tafi, na hana su tari, ban tuna da addu'a ba. Ni na kawo shi, ni na zaunar da shi a gaba. Har yau bai sani ba. A bas ya ce mini, "Ashe abin Sobit ba wasa ba ne, ya san inda ake barin wuri a tuna da Allah."

Otabek ya ce zai nemi a sake ba shi zaure bayan Nauruz. Na san abin da likita ya ce. Ka zage ni in kana so, amma ka rubuto.

Ƙanwarka,
Zulhumor

Tashkent, watan Disamba

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Capan ɗin ya yi mini yawa, amma yana da ɗumi, da shi nake zama.

Ba zan zage ki ba. Na ga Hoji tun da ya fara ɗaga hannu, don shi nake kallo. Kin manta ne? Ranar ƙarshe a asibiti ma haka aka yi. Numfashin ya tsaya, ina riƙe da hannunta ina jira ya dawo kamar kullum, shi ya ɗaga hannu, kuka ce amin. Ni kaɗai ban shafa ba. Na dawo gida na zauna shekaru ina rubuta abin da ya biyo bayan shirun nan.

Na ce wa Otabek kada ya wahalar da kansa da zaure. Rabin ƙarshe na ɗaure shi na sa a kabad wurin 'yan'uwansa uku. Kada ki gaya wa Hoji komai. Ki gaishe shi, ki ce masa shekara hamsin ina fama da makaɗa, ban taɓa samun wanda ya shigo a daidai lokacinsa kamar shi ba.

Ranar Alhamis na je kabarinta. Na shafa.

Ki aiko da gurasa, ki ƙara ɗaya saboda direba.

Yayanki,
Sobit